Tokar Bayan Ƙofa

Duk wanda ya taso a ƙauyenmu na bakin tafkunan kifi, a gefen Tainan, ya sha faten Inna Giok. Kafin rana ta yi zafi za ka same ta a ƙofar gidan bauta, tukunya na tafasa, tana zuba faten shinkafa da kifi tana yi wa masu saye faɗa. Kifin tafkunanmu akwai daɗi, sai dai ƙaya ce a jikinsa kamar an yi masa baki, kuma a garin nan kaf Giok ce kaɗai ke iya zama ta zare ta ɗaya bayan ɗaya. A kan kifi haƙurinta ya ƙare. Mutum kam ba ta ɗaga masa ƙafa, ko da ya riga ya mutu.

Wuri biyu take kai abinci a gidanta. Na farko teburin kakanni ne da ke ɗakin gaba, inda aka kafa allon sunayen matattun gidan Ang, da babban kaskon turare na tagulla a gabansa. Na biyu kuwa sai ka shiga kicin ka tura ƙofa sannan ka gan shi. Wani ɗan katako ne da aka kafa a bango, a kansa akwai gwangwanin madara cike da tokar turare da 'yar jakar jan ƙyalle. Nan 'yarta Hun, wadda ta rasu, take zaune. Burin Giok ɗaya ne a duniya, ta ga an ɗauke yarinyar daga bayan ƙofa an kai ta ɗakin gaba cikin danginta.

Tana budurwa aka kawo ta gidan Ang, aka aurar da ita ga Hai mai kiwon kifi. Lallen hannu ba ma yi a nan, amma da muna yi, da bai goge ba uwar mijinta ta ja ta gaban teburin ta shiga gabatar mata da mutanen gida. Wannan kakan kaza yake so, kuma da kanta da ƙafafunta. Wannan kakar ba ta da haƙori sa'ad da ta rasu, sai a dafa mata abu ya yi laushi. Wancan kuma in ba a cika masa ƙoƙon giyar shinkafa ba, a shekarar kifi zai mutu a tafki. Kowanne da ranar rasuwarsa, kowace rana da girkinta. Mu dai haka muka tashi muka gani, wanda ya mutu bai bar gida ba. Yana jin yunwa, yana jin sanyi, yana lura da jikokinsa, yana kuma iya yin fushi.

In an jera abinci an kunna turaren tsinke, sai a jira ya ci rabi, sannan a ɗauki pue, 'yan katakon nan biyu masu siffar jinjirin wata, a tambaye su ko sun ƙoshi, a sake su a ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya kwanta rigingine, sun ce eh. In duka sun kife, a'a ke nan. In duka sun yi rigingine, dariya suke yi maka, sai ka koma ka ƙara jira. Ba a taɓa kwano, ba a ƙona musu takardun kuɗinsu na lahira, sai sun ce eh. Giok ta iya wannan aiki har ta fi mai koya mata. Da uwar mijin ta rasu ta hau teburin, a ranarta ne kullum abinci ke hucewa ana ta jifa ana samun dariya. Giok takan riƙe ƙugu ta ce, “Tana raye ba ta taɓa cewa girkina ya yi ba, yanzu ne za ta fara?”

'Ya'ya biyu ta haifa, Peng da ƙanwarsa Hun. Tun Hun na ƙarama ƙaya ta taɓa maƙale mata a wuya, ta yi kuka har ta shiɗe, daga ranar ta rantse ba ita ba kifi sai wanda uwarta ta gyara. Wurin nan Giok ta koyi zare ƙaya, masu saye albarkacin Hun suka ci. Yarinya ce mai surutu, mai son ɗanyen mangwaro da gishiri, mai waƙa in tana wanke-wanke alhali muryar ba ta da daɗi. Ta samu aikin ɗinki a wata masaƙa a cikin gari, duk Asabar ta hau kekenta ta dawo, tun daga bakin tafki take ƙwala wa uwarta kira. Wata Asabar ta damina, ana ruwa da iska, wata babbar mota ta haɗu da ita a kwana. Shekarunta goma sha tara, ba ta yi aure ba.

To, a wurinmu 'ya mace ba ta hawa teburin gidan ubanta. Kujerarta tana gidan miji, wadda kuwa ta mutu kafin a kai ta can ba ta da kujera ko'ina. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba, amma na tabbata bai taɓa binne 'ya ba.

Uwar mijin, wadda a lokacin tana raye, ta kawo maganin da kowa ya sani. A sa gashin yarinya a jan ambulan a ajiye a kan hanya, duk namijin da ya tsinta ya zama mijinta, sai ya kai ta teburin gidansu. Aka ajiye, dangi suka laɓe a bayan shinge suna jira. Giok ta fito da zanin girkinta, ta wuce su, ta duƙa ta ɗauke ambulan ɗin da hannunta.

“Ke! Me kike yi haka?” in ji tsohuwa.

“Inna, ba zan ba da 'yata ga mutumin da ba ya iya ganin abu a ƙasa ya wuce ba.”

Aka ce to a kai ta gidan bautar da ake tara 'yammata irinta. Giok ta ce Hun ba ta san kowa a can ba, kuma wa zai gyara mata kifi? Hai bai sa baki a rigimar ba, da ma shi ba mai magana ba ne. Washegari dai ya ɗauki guduma ya kafa katakon nan a bayan ƙofar kicin, inda idon kakanni ba ya kaiwa. Bai taɓa kunna turare a wurin a gaban kowa ba, amma duk lokacin mangwaro Giok takan tarar da ɗanye guda a kan katakon, ba ta kuma taɓa tambayar wanda ya ajiye ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Kullum in ta dawo daga ƙofar gidan bauta sai ta ɗebi cikin kifi, inda ya fi mai, ta bi shi da yatsa har ta tabbata babu ƙaya, ta sa a ɗan kwano ta kunna tsinke guda. Tana ba Hun labarin gari, wadda ta haihu, wadda mijinta ya gudu, ƙawayenta da suka fara furfura. Kewar ba ta ragu ba ko kaɗan, sabawa da ita kawai ta yi. Ranar Asabar da yamma har yanzu takan tsinci kanta tana kasa kunne wajen tafki.

Da Hai ya rasu aka yi masa kaskonsa daban, kamar yadda ake yi wa kowane sabon mamaci, aka cika shi da toka don tsinke ya samu wurin tsayawa. Shekara na zagayowa Saikong To, malaminmu na addinin Tao, ya zo da jar hularsa da ƙararrawarsa, ya rubuta sunan Hai a allo, ya ɗebi toka daga ƙaramin kaskon ya zuba a babban na tagulla. Shi ke nan, Hai ya shiga cikin iyayensa, tokarsa ta gauraya da tasu, ba mai iya raba su kuma. Kowa ya ce an yi abin kirki. Giok na durƙushe a gaban tebur, amma idonta na kan ƙofar kicin.

Bana gwiwoyinta suka ƙi. Ta faɗi sau biyu a bakin tukunya, Peng ya ce ya isa haka, za ta koma wurinsa a Kaohsiung, can saman wani dogon bene inda yake zaune da matarsa Lian. Kakanni ma za su bi, tunda shi ne ɗa. Aka kira Saikong To ya zaɓi rana. Shi da Giok sa'o'i ne, tun suna matasa yake shan fatenta suna zagin juna.

Ya zauna ya yi bayani. Za a sa allo da kasko a kwando, a rufa musu baƙar lema kada rana ta taɓa su, kuma duk gadar da za a haye sai Peng ya faɗa musu da ƙarfi, don kada wani ya tsaya a wancan gefen ruwa.

“Da Hun fa?” in ji Giok.

Saikong ya sosa kai. “Yaya Giok, kin san amsar tun kafin ki tambaya.”

“Na sani, so nake in ji ko tsufa ya ƙara maka hankali.”

“Hankalina na nan. Gidan ɗan'uwanta za a shiga, sabon tebur, sabon wuri. Ke kina raye kina iya ɓoye ta a bayan ƙofarki. Bayan ke fa?”

Ya taɓo inda ke mata ciwo. Abin da ke hana ta sukuni ke nan tun da ƙafafunta suka fara rawa. Ranar da ta rufe ido, ba mai sauran kunna wa Hun tsinke. Za ta shiga cikin mayunwatan nan marasa gida da ke yawo a wata na bakwai, suna tsintar abin da mutane suka ajiye a bakin hanya don tausayi. Hun, wadda ko ƙaya ba ta iya cirewa da kanta.

Saikong ya sassauta murya. “Zamani ya canza, ban ƙi ba. Akwai gidajen da suka ɗora 'ya'yansu mata. Amma ba ni ke ba da izini ba, masu teburin ne. Ki tambaye su. In sun ce eh sau uku a jere, da hannuna zan rubuta sunanta, ko ruwan shayi ba zan karɓa ba.”

“Da ma wa ya ce zai ba ka?”

Ranar tambaya ta tashi da girki irin wanda ba ta yi ba tun bikin Peng. Kaza da kanta da ƙafafunta, naman alade da ya dahu har yana narkewa saboda mara haƙori, giya har bakin ƙoƙo, da wainar shinkafar da uwar mijinta ke so. Peng ya dubi teburin ya ce, “Inna, wannan ai toshiyar baki ce.” Ta ce ya rufe nasa bakin ya kama ta ta durƙusa.

Ta ɗaga pue a cikin hayaƙin turare, ta faɗi sunanta da na yarinyar kamar ba su san su ba. Ta ce jininsu ce, a ɗakin nan aka yanke mata cibi, kujera ɗaya kawai take roƙa mata, ko a can ƙarshe ne. Ta saki. Ɗaya ya kife, ɗaya ya yi rigingine. Lian ta dafe ƙirji. Giok ta sake ɗagawa, ta saki. Duka biyun suka yi rigingine.

“Wannan dariyar na san mai ita,” in ji Giok. Ta dubi allon. “Inna, ki yi haƙuri da maganar ambulan. Laifina ne, ba na yarinya ba. Jikarki ce, ke kika fara yi mata wanka.”

Ta saki. Duka suka kife.

Saikong ya yi gyaran murya, ba ta kula shi ba. Ta matsa da gwiwa har goshinta ya kusa taɓa tebur, ta yi magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da mace ke yi wa mijinta in baƙi na gida.

“Hai. Kai da kai nake. Ka yi shiru kana raye, na ƙyale ka. Na san mai ajiye mangwaro. Yanzu kana zaune a cikinsu, ka buɗe baki sau ɗaya a rayuwarka. 'Yarka ce.”

Ta saki. Ɗaya ya kife nan take, ɗayan ya gangara ƙarƙashin tebur. Lian ta duƙa ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ba sai da ta yi magana ba, shi ma ya kife.

“Ya isa, Yaya Giok,” in ji Saikong To. “Sun faɗa.”

Giok ta dafa Peng ta miƙe. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta shigo gidan. Ba ta tambaye su ko sun ƙoshi ba, ta hau kwashe kwanuka, turare bai ma ci rabi ba. Peng ya ce, “Inna, ba su gama ba!” Ta ce, “Su ɗanɗana su ji yadda yunwa take.”

A kicin ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta jawo kifi ta hau gyara, don hannunta bai san wani abin yi ba. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Can sai ga Lian. Giok ba ta taɓa ɗaukar matar ɗan nata da muhimmanci ba. 'Yar birni ce, a kantin magani take aiki, in za ta ciyar da nata kakannin a leda take sayo abinci. Ba ta ma taɓa ganin Hun ba sai a hoto. Lian ta jawo kujera, ta ɗauki ɗaya wuƙar da wani kifin, ta fara yagalgala shi.

“Kashe shi za ki sake yi? Ai ya riga ya mutu. Kawo nan. Ba da ido ake nema ba, da yatsa ake bi. Ga layi ɗaya nan, ga wani a ƙarƙashinsa.”

Lian ta bi da yatsa, ta zaro ƙaya guda, siririya mai baki biyu. Ta ce, “Inna, ki taho da ita. Akwai wuri a kicin ɗina, bayan firiji. Ni zan riƙa sa mata.”

Giok ta dube ta sosai, kamar yau ta fara ganinta. “Ke za ki sa. Bayan ke kuma wa? 'Ya'yanki ko sunanta ba su riƙe ba. Na gaji da bayan ƙofa, 'yar nan, ita ma ta gaji.”

Giok ta juya ta dubi gwangwanin. Tokar shekara da shekaru ta cika shi har ta yi tozo, sai da ta sha kwashe wadda ta zube tana mayarwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye wuƙa ta goge hannu a zani.

“Ranar da na mutu, wa zai shirya kaskona?”

“Haba Inna, wace irin magana ce…”

“Tambayarki na yi.”

“Ni ce. Aikin matar ɗa ne.”

“To kada ki sayo toka a kanti. Ga toka nan.” Ta nuna gwangwanin da haɓa. “Ki juye ta duka a kaskona, ki yi shiru da bakinki. Shekara na cika, Saikong To zai zo da ƙararrawarsa, in yana raye, ya ɗiba ya zuba a na tagulla. Ni dai ba su isa su hana ni hawa ba, na ciyar da su har gwiwoyina sun mutu. In ya ɗebo ni, ya ɗebo ta.”

Lian ta waiga wajen ɗakin gaba, ta rage murya. “Sun ce a'a fa, Inna. In suka yi fushi da mu?”

“A lokacin ina cikinsu. Ki bar ni da su, na san maganin kowa.”

“Amma sunanta ba zai hau allo ba.”

“Ba zai hau ba.” Giok ta girgiza kai. “Na so ya hau. Amma abinci a gaban kasko ake ajiyewa, duk wanda ke cikinsa zai ci. Zan zaunar da ita kusa da ni.” Ta tura wa Lian kifin. “Ke dai ki koyi wannan da kyau. Duk ranar tunawa da ni ki kawo kifi, kada in ga ƙaya ko ɗaya. In an tambaya, ki ce tsohuwar ce ba ta son ƙaya.”

Ranar tashi aka fito da kakanni a kwandonsu. Peng ya zauna a gaba da kwandon a cinya, Saikong To ya riƙe musu baƙar lema har aka rufe ƙofar mota, Lian ce ke tuƙi. Maƙwabta sun fito, wasu na tambayar wa zai riƙa yi musu fate yanzu, Giok na ce musu su je su koyi cin ƙaya. Ita ce ta fito a ƙarshe, tana takawa a hankali, ta sa babbar riga duk da zafin da ake yi, hannayenta biyu na dafe da ciki.

Saikong ya dubi tudun da ke ƙarƙashin rigar, ya dubi fuskarta. “Yaya Giok, wannan cikin fa? A wannan shekarun?”

“Ka kula da lemarka, tsoho. Na taɓa ɗaukar ta a haka a gidan Ang, ban nemi izinin kowa ba.”

Sai ya matso da lemar ya rufa mata, ya raka ta har ta zauna a kujerar baya.

Motar ta bi ta gefen tafkuna, ta wuce kwanar nan da Giok ba ta taɓa yarda ta kalla ba. Da suka iso gadar farko Peng ya ɗaga murya kamar yadda aka koya masa. “Kakanni, Baba, za mu haye gada, ku biyo mu!”

Giok ta sunkuyar da kai, ta ƙara matse gwangwanin a jikinta.

“Hun,” ta ce a hankali, “gada ce. Riƙe ni da kyau.”